Yaro ya ji ciwo a makaranta: sulhu, inshora ko lauya, wanne za ka ɗauka?

Asibiti dai shi ne farko, wannan ba sai an faɗa ba. Abin da iyaye ke mantawa shi ne su karɓi rahoton likita a rubuce, su ɗauki hoton raunin da na wajen da abin ya faru, su adana rasit ɗin magani, su kuma nemi makaranta ta ba su kwafin abin da ta rubuta kan lamarin. In akwai kyamarar tsaro ka rubuta musu takarda da wuri su ajiye hoton ranar, don na'urorin nan da kansu suke goge tsohon hoto.

Hanya mafi arha ita ce zama da shugaban makaranta a yi sulhu. In targaɗe ne ko ɗinki biyu uku, ni a ganina ya isa, su biya kuɗin magani a wuce wajen. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar da za su miƙo maka ka sa hannu, sau da yawa akwai layin da ke cewa ka janye duk wata ƙara nan gaba, alhali buguwa a kai ko karaya kusa da gaɓa inda ƙashin yaro ke girma ba a sanin ƙarshenta sai bayan watanni. Kar ka sa hannu sai likita ya gama magana.

Sai inshora. Tambaye su wace iri suke da ita, don kala biyu ce: akwai wadda ke biyan kuɗin magani ko laifin waye, akwai wadda ba ta biya sai an tabbatar makaranta ta yi sakaci. Ta farkon ta fi sauri amma kuɗin na da iyaka. Kuma jami'in da zai kira ka da murya mai daɗi, kamfaninsa yake wa aiki fa.

Ƙorafi ga hukumar ilimi kyauta ne, galibi ba ya kawo diyya, amma yana sa a gyara lilon da ya karye. In kuwa duka ne aka yi wa yaron da gangan, to maganar 'yan sanda ce, kuma ba ta hana ka neman diyya.

Lauya shi ne na babban rauni. Amma ka sani kotu ba tausayi take aunawa ba, sakaci take nema: makaranta na da alhakin kula da yaron, ta gaza, kuma gazawar ce ta jawo raunin. Yaro ya faɗi yana guje-guje malami na tsaye yana kallo, da wuya ka ci. An bar aji babu kowa, ko benen da aka sha kai ƙorafi a kansa ba a gyara ba, wannan daban.

Wajen biyansa, wani lauyan kuɗin awa yake caja ko an ci ko ba a ci ba, wani kuma sai an ci ya ɗauki kaso, a Amurka yawanci kusan kashi ɗaya cikin uku. Na biyun ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi, sai dai ka tambaya wa zai biya kuɗin kotu da na likitan da zai ba da shaida in an faɗi, kuma a rubuta.

Tambayar farko da za ka yi masa ita ce wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne, kuma ga yaro ba a fara ƙirga ta sai ya cika 18, amma a jihar New York in makarantar gwamnati ce ana son sanarwar ƙara cikin kwana 90. Ka ga tazarar? Don haka ka fara sanin makarantar ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, da dokar inda kake. Sannan a wurare da dama, har da Ingila, sulhun diyyar yaro sai alƙali ya amince, kuɗin kuma ajiye masa ake yi har ya cika 18, ba a hannunka za a damƙa ba.