Ɗakin sanyi mai sola ko na'urar busar da tumatir: amsa ga ɗan'uwanmu na kasuwar gwari ta Mile 12 a Legas

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin ɗakin sanyi mai aiki da sola da na'urar busar da kayan gwari da ka ce kana ta juya su a rai, in dai a nan Legas za ka kafa abin to ɗakin sanyi za ka yi, kada ma ka tsaya dogon shawara. Ina da guda a wajen Ketu, shi ke riƙe da ni yanzu bayan Allah. Na'urar busarwar ma na taɓa saya, tana nan jingine a bayan shago kajin maigadi na kwana a ciki.

Ba wai na'urar ba ta aiki ba ne, wurin ne ba nata ba. Tumatir fa sama da kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne. Ka sayo shi a Kwanar Gafan ko Ɗanja, ka biya lodi, ka biya tirela ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, ka biya duk abin da ake karɓa a shingayen hanya, ka biya 'yan dako su sauke, sannan ka zo ka zauna kana korar ruwan da ka biya kuɗin ɗaukowa tun daga Kano? Ga iskar garin nan a jiƙe take kullum, daga Afrilu zuwa Yuli kuma hadari ne da ruwa, ka yanka ka shanya yau gobe ka tarar ya yi fumfuna ya yi baƙi, ba mai saye. Kauɗa a gida ake yin ta lokacin da kaya ya yi araha kuma iska ta bushe. In ranka na kan busarwa sosai ka kai na'urar Kura ko Kadawa ka damƙa wa ɗan'uwan da ka yarda da shi, ya riƙa aiko maka da buhuna wajen Yuni lokacin da ɗanye ya yi wuya. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Shi kuwa ɗakin sanyi, ranar da na san na yi abin kai ita ce lokacin wahalar takardun kuɗi ta Fabrairun 2023. Ka tuna yadda aka yi, lokacin ne kuma kayan rani suka ɓarke, motoci na shigowa ba ƙaƙƙautawa amma matan da ke sarin kwando ɗaya biyu su kai Oyingbo da Mushin da Ikorodu ba su da tsabar kuɗi, taransifa kuma sai ta yini ba ta shiga ba. Mutane na kallon dukiyarsu tana tsiyaya a ƙasa ƙudaje na bi. Akwai wani dattijo mutumin Zariya da muke sallah tare, ya zo ya same ni bayan la'asar idonsa ya yi ja, ya ce kayan da ya sauke rabinsu na bashi ne kuma an taya masa kuɗin da ko na mota bai kai ba. Muka kwashe yara muka juye kayan daga kwanduna zuwa kireti na roba, muna tsince wanda ya fashe, muka jera har kusa da rufi, ya rubuta sunansa da alƙalamin maka a jikin kowanne. Da kasuwa ta ɗan farfaɗo muka buɗe da asuba, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa da yatsa ya ji ta tsantsan kamar jiya aka tsinko, sai kawai ya zauna a bakin ƙofa yana ta hamdala. Ya sayar ya biya bashinsa. Har yau duk zuwan da zai yi daga gida sai ya riƙo min kilishi, kuma rabin masu ajiya a wurina ta bakinsa suka zo.

Sola ɗin kuma ba don gayu ba ne. A da da fetur ke ƙasa da naira 200 kana iya cewa janareta ya ishe ka, amma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya watse, lita ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wutar NEPA kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan Band A, wato layin da ya fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kuma ko kana da kuɗin biya, ɗakin sanyi ba ya son a ɗauke a kawo, in ya huce ya sake sanyi kayan gumi suke yi su lalace da wuri. Da sola kuɗin a farko yake ciwo, musamman tun da dala ta tashi daga 460 da wani abu ta haura 1,500, kusan komai na ciki daga waje ake shigo da shi. Amma in ka wuce wannan, abin da ya rage wankin farantan sola ne da duba gas ɗin kwamfireso, wato injin da ke haɗa sanyin.

Sai dai ka san me kake saye. Ɗakin sanyi ba firiza ba ne. Tumatir da tattasai da attaruhu wajen digiri 10 zuwa 12 suke so, in ka sauke musu sanyi sosai suka daɗe a ciki sai tumatir ya yi laushi ya saki ruwa ɗanɗanon ya tafi, masu abinci kuma sun san bambanci ko ba ka faɗa ba. Albasa kada ka saka, ita iska da bushewa take so. Ayaba baƙi take yi. Nunannen tumatir kuma yana fitar da wata iska da ke sa latas da kabeji da kokwamba su yi rawaya, don haka in za ka haɗa su ka raba musu ɓangare kuma kada su daɗe tare. Kwandon gargajiya ba ya shiga, ba ya jeruwa kuma na ƙasa matsewa yake yi, dole sai kireti, ka sa kuɗinsu a lissafi tun yanzu don ba su da araha kuma suna da ƙafa, in ba ka rubuta wanda ya ɗauka ba shi ke nan. Kayan da suka sauka daga mota da zafinsu suke zuwa, nan ne inji ya fi shan wahala, shi ya sa nake karɓar sabon kaya da rana lokacin da farantai ke ja, ba da dare ba da komai ya koma kan batir. Ƙofa kuma ka sa mata labulen roba, don yaran kasuwa buɗewa ɗaya sai su tsaya a ciki suna shan sanyi suna hira.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka ɓoye tumatir ɗin Maris ka fito da shi a Yuli ka ci riba ninki biyar. Ba ya yi. Kwanaki yake saya maka, mako biyu, in kaya mai kyau ne da bai gama nuna ba ya kai uku. Amfaninsa shi ne kada a tilasta maka sayarwa a ranar da motoci suka yi yawa, kuma abin da zai koma esha, wato fasasshen tumatir da ake sayarwa da araha, ya ragu. Lokacin damina da kayan gida suka ja baya, ko shekarar da Sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, ta shiga gonaki kamar yadda ta yi a 2016, ɗakin zai zauna fayau in tumatir kaɗai ka dogara da shi. Ni da karas da kabeji da koren tattasai na Jos nake cike gurbin, da masu kai kaya otal-otal na Ikeja da Lekki, su ba ruwansu da kaka ko rani kullum sai sun ajiye.

Zancen faɗaɗawa da ka kawo, cewa kana son ka fara da babba don kada ka yi aiki biyu, a nan ne zan ja maka birki. Ka fara da ƙarami, wanda zai ɗauki kamar tan 3, kuma kada ka cika shi da kayanka, haya za ka bayar kan kowane kireti a kowace rana. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka kamfanin ɗakunan sanyi na ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu suka faro daga Owerri a 2015, naira 100 kan kireti a rana a farkon lamarin, ɗaki ƙarami a cikin kasuwa, suka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya har suka bazu jihohi da dama. Mai kireti biyar ba zai iya sayen ɗaki ba amma zai iya biyan kuɗin kwana, su ne kasuwarka. Ka dubi ɗaya gefen kuma, masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa da aka buɗe a 2016, an gina ta don ta ci tan 1,200 a rana, amma sau nawa aka rufe ta saboda ba ta samun kayan da za su ciyar da ita? In mai irin wannan ƙarfin ya gamu da haka, kai da ka tara naka da adashi ka yi hattara. Sai ɗakin farko ya riƙa cika kana mayar da mutane, kuma ka ga yadda ya yi a damina ɗaya cikakkiya, sannan ka yi maganar na biyu. Na biyun ma ba lallai a Mile 12 ba, Agege da Ile-Epo da Idi-Araba duk akwai namu. Abin da ke kashe na biyu galibi ba inji ba ne, rashin amintaccen yaro ne da zai riƙe littafi yana rubuta shiga da fita ba tare da ya buɗe tasa kasuwar a cikin taka ba.

Fili ma ka gama da shi kafin ka biya ko sisi na kaya. Takarda a rubuce, da sa hannun mai wurin da shugabannin kasuwa, shekara nawa, kuma a rubuta cewa farantai da ɗakin naka ne in za ka tashi. Ka je wurin da safe da yamma ka ga ko benen maƙwabta yana jefa inuwa a rufin. Ranar Legas ba ta kai ta Kano ba, duk wanda ya yi maka lissafin faranti da ranar arewa zai bar ka a duhu a watan Yuni, gara ka ƙara faranti a kan abin da aka ce.

In kuɗinka bai kai ba ni dai ban ba ka shawarar bashin ruwa ba, bayan haramcin ma ruwan bankuna yanzu ya kai wajen kashi 30, ba gwarin da zai biya wannan. Ka leƙa bankunan da ba sa karɓar ruwa, Jaiz ko TAJ ko Lotus, ka tambayi murabaha, su sayi kayan su sayar maka ka riƙa biya, amma za su nemi ganin littafin cinikinka da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka fara gyara su tun yanzu.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka, harkar sola ta cika da 'yan damfara. Za a kawo maka faranti an manna masa takardar 550W alhali bai kai 350 ba. Ka tafi da tef ɗin awo, na 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa ya ɗan wuce mita 1, nauyinsa ya kusa kilo 28, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa yana dariya. Batir kuma nan ne ainihin cutar, tsofaffin ƙwayoyin batir ake kwasowa a zuba a sabon akwati mai sheƙi a ce maka litiyam ne sabo dal. Mai tubula, wato batirin nan mai ruwa, zai ce maka nasa ya fi araha, gaskiya ne, amma ƙarfin 200Ah ɗin nan da ke rubuce a jikinsa rabinsa kawai za ka iya ja kullum in kana so ya yi rai, kuma da aikin kwamfireso na kowane dare shekara biyu ma da ƙyar. Ka sayi litiyam wurin dila mai shago tsayayye da garanti a rubuce da lambar batirin a jikin rasit. Bangon ɗakin ka sa a yanka maka gefe ka gani da idonka, kaurin ya kai santimita 10 na kumfa mai tauri, ba farin soso irin na kwalin talabijin ba. Kwamfireso ma akwai tokumbo da ake fesa wa fenti. Kada ka biya mai haɗawa duka, ka riƙe kaso mai tsoka sai ɗakin ya kwana da kaya a ciki a ranar da aka yini ana ruwa, ka sa naka ma'aunin zafi a ciki ba nasa ba. In ya ƙi wannan sharaɗin ka bar shi ya tafi, kuma ka ce ya kai ka wurin aikinsa da ya shekara yana aiki ka yi magana da mai wurin shi ba ya kusa.

Haka masu zuwa da fom suna cewa akwai tallafin gwamnati ko na Bankin Duniya, kawo kuɗin rajista. Shirin yana nan, DARES ne a ƙarƙashin hukumar kai wuta karkara ta REA, dala miliyan 750 da aka amince da shi a Disambar 2023, amma ta hannun kamfanonin da suka cika sharuɗɗa yake bi, ba wanda zai biyo ka rumfa da fom na dubu ashirin. Su ma masu cewa zuba kuɗinka a gona ta waya ka karɓi riba bayan wata shida, ka tambayi waɗanda suka zuba a 2020 yadda suka ƙare.

Ka yi ɗakin sanyi, ƙarami, da batirin litiyam, ka ba da haya. In kana son ganin nawa kafin ka yanke ka zo bayan azahar, da safe ba wanda zai saurare ka.