Hattara da masu sayar da fedar fuz da sunan “tsohuwar jamaniyum”

Masu kaɗa jitar lantarki da ke neman fedar fuz irin ta da, wato ƙaramin akwatin da ake takawa ya sa sautin jita ya yi kaushi, a yi hattara. 'Yan damfara sun gano cewa mutane na zuba kuɗi mai yawa da zarar sun ga an rubuta NKT275 ko OC75, lambobin tsofaffin tiransistoci, a talla, kuma mafi yawan masu saye ba sa buɗe cikin akwatin.

Abin da ya sa harkar ta yi musu sauƙi shi ne kayan cikin ba su da yawa. Fedar Fuzz Face da kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966 tiransista 2 ne kawai a cikinta, da resista 4, da kafasita 3, da mamurɗi 2. Tone Bender MkII ta Sola Sound tiransista 3 gare ta. Duk tsadar tana kan tiransistocin nan na jamaniyum, sinadarin da ake yin tiransista da shi kafin silikon ya maye gurbinsa, to a nan ake yin cutar.

Kamfanin Newmarket da ya yi NKT275 na asali ya daɗe da daina yin sa. Abin da mazambata ke yi shi ne su samo wani tiransista mai gwangwanin ƙarfe irin wannan siffa, su kankare lambarsa, su buga NKT275, har su ɗiga jan fenti a gefe. Wani lokaci jamaniyum ne na gaske amma mai araha, wani lokaci rubabbe ne da masu haɗa feda suka gwada suka yar, wani lokacin ma silikon ne tsagwaronsa. Rubutun jikin gwangwani ba shaida ba ne. Idan aka ga sawun kankara a ƙarƙashin rubutun, magana ta ƙare.

Gwajin farko ba ya buƙatar cire komai. A sa batir mai 9V, a cusa wayar jita a ramin shiga don fedar ta kunnu, a sa mitar auna wuta a kan DC, a auna tsakanin ƙafar B da ƙafar E ta kowane tiransista (ƙafa uku gare shi: B, C da E). Jamaniyum zai nuna wajen 0.1V zuwa 0.3V. Silikon kuwa 0.5V zuwa 0.7V. Sannan a auna ƙafar C ta tiransista na biyu, a ɗora yatsa a kan gwangwanin na farko na 'yan daƙiƙoƙi: jamaniyum ba ya son zafi, lambar da mita ke nunawa za ta fara tafiya kana kallo. Silikon da kyar zai motsa. A lura kuma, Fuzz Face mai NKT275 nau'in PNP ce, wato jar wayar batir ce ke zuwa ƙasa (“ground”, layin da ke haɗe da jikin akwatin). Idan baƙar ce ke zuwa ƙasa kuma babu wata ƙaramar da'ira da ke juya wutar, a tambayi mai sayarwa dalili.

Kasancewarsa jamaniyum ma bai wadatar ba, don tsohon jamaniyum yana yoyon wuta. A nan ne ake yaudarar har waɗanda suka ɗan san aikin. Mai talla zai sa hoton tiransista a ramin hFE, wato ramin auna ƙarfin ninkawa, na ƙaramar mita, ta nuna 120, ya ce ga shaida. Irin wannan mita tana haɗa yoyon da ƙarfin ninkawa ta ba da lamba ɗaya, saboda haka wanda ya fi lalacewa shi zai fi nuna babbar lamba. Gwajin da masanin fedoji R.G. Keen ya bayyana shi ke raba su: batir 9V, resista 2.472k a ƙafar C, resista 2.2M zuwa ƙafar B ta hanyar makunni. Makunni a kashe, a auna wutar da ke kan resista 2.472k, wannan yoyo ne, 0.5V na nufin kusan 200µA. A kunna, a sake aunawa, a debe ta farko daga ta biyu, a ninka sau 100. Idan ta biyu 1.3V ce, ainihin ƙarfin 80 ne. Kada a riƙe shi da hannu lokacin gwaji, kuma a jira lambar ta tsaya. Masu haɗa Fuzz Face sun fi son ƙarfin tiransista na farko ya kasance wajen 70 zuwa 85, na biyu 100 zuwa 130, yoyo ƙasa da 300µA. Wanda ya wuce haka zai yi ta huci, sautin ya riƙa yankewa, da rana ya yi wani abu da dare ya yi wani. Mai haɗa feda na kirki yana da waɗannan lambobi a rubuce, ba zai ji haushi don an tambaye shi ba.

Sai masu zuba baƙin danƙo a kan allon da'irar da sunan “kare sirrin aiki”. Da'irar da ta fi shekara 50 a hannun kowa, wane sirri ya rage mata? Ba duk mai zuba danƙo ne ɓarawo ba, amma an sha kankare shi a tarar da allon feda mai araha ta masana'anta da aka sauya wa akwati. Kuma ko ta gaskiya ce, ranar da ta lalace da wuya a iya gyara ta.

Masu cewa tasu tun ta shekarun 1960 ce, su ma a bi su a hankali. Ana goge fenti, a jiƙa ƙusoshi su yi tsatsa. Fuzz Face ta wancan zamani ba ta da fitila, ba ta da ramin adafta, batir kaɗai take ci. A dubi dalmar da ke ƙafafun tiransista: idan tana ƙyalli alhali sauran sun dushe, an cire na asali an musanya. A fedojin Amurka irin su Big Muff, bayan mamurɗi na ɗauke da lamba: 137 alamar kamfanin CTS ce, sai shekara, sai mako, wato 1377023 na nufin mako na 23 na 1970. Amma wannan shekarun mamurɗin kawai ya nuna, kuma ana iya ciro shi daga tsohuwar rediyo.

Akwai kuma wanda babu fedar ma a hannunsa, hoton wani ya sata. Farashi rabin na kasuwa, ga gaggawa, wai wani na jiran ya biya. A ce ya buɗe bayan fedar, ya ajiye takarda mai ɗauke da kwanan wata da wata kalma da kai ka zaɓa, ya ɗauki hoton allon gaba da baya, da bidiyon mita a kan ƙafafun B da E. Idan ya ce a fita daga shafin cinikin a tura kuɗi kai tsaye, ko a biya ta PayPal a matsayin kyauta ga 'yan uwa da abokai, a janye, don wannan hanya ba ta da kariyar mai saye. Biyan da aka yi a matsayin sayen kaya shi ne ake iya shigar da ƙorafi a kansa. Kayan na isowa a ɗauki bidiyon buɗe kwalin, a yi gwajin mita a ranar, kuma kada a taɓa dalma ko ɗaya kafin a shigar da ƙorafin, don mai sayarwa zai ce kai ne ka musanya tiransistocin.