Kariyar kusurwar bayan Hilux: faranti, bututu ko bamba ta ƙarfe gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, tambayarka a taƙaice ita ce: kana da Hilux mai gida biyu, kana shiga ƙauyuka da ita har cikin damina, kusurwar bayanta ta sha bugu wajen fitowa daga kwazazzabo, fitilar baya ta fashe, bodi ya loɓa. Mai walda ya ce zai lanƙwaso maka bututu, wani ya ce ka ɗaura farantin ƙarfe a kan kusurwar, wani kuma ya ce ka cire bambar kamfani ka sa ta ƙarfe gaba ɗaya. Wanne za ka ɗauka?

Kafin ka kashe ko sisi, ka tsuguna ka duba tabon da ke jikin motar. Idan fenti ya goge daga ƙasa, leɓen bodi ya tattare ya yi sama, to ƙasa ce ta daki motar a daidai lokacin da ƙafafun gaba suka fara hawa, bayan ya sunkuya. Idan kuwa kartar ta bi gefe a miƙe daga bayan taya har zuwa fitila, wannan aikin kututture ne ko bakin gaɓa. Abin da ka kwatanta ya fi kama da na farko, kuma shi ne ciwon duk wata a-kori-kura mai dogon baya. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a Hilux ɗin zamani milimita 3,085 ne, sannan akwai wajen mita 1.2 na bodi da ke rataye a bayan taya. Wannan rarar ita ke taɓa ƙasa.

Farantin kusurwa ya samo farin jininsa ne a wajen masu Jeep Wrangler a Amurka, masu ratsa tsakanin duwatsu inda gefen mota ke gogar dutse. Ƙarfe ne mai kaurin milimita 3 zuwa 5 da ake lanƙwasawa daidai da siffar kusurwa, a huda bodi a wurare da yawa, a ɗaure shi da noti. Yana tare karta da ƙananan loɓa, ba ya rage tazarar mota daga ƙasa ko kaɗan, nauyinsa kuma ba wani abin damuwa ba ne. Amma ka lura da inda yake zaune: a kan bodi, wanda kaurin ƙarfensa bai kai milimita ɗaya ba. Ranar da nauyin mota ya sauka a kansa daga ƙasa, farantin ba zai lanƙwashe ba, sai dai ya tura bugun cikin bodin, ka tarar da gefen akwatin kaya na baya ya karkace, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Ga kuma laka. Tana shiga tsakanin faranti da fenti ta kwanta da danshinta, kowace huda da aka yi ta zama mafarin tsatsa. Ga irin bugun da kake fama da shi, ba zan ba ka shawarar faranti shi kaɗai ba.

Bututu shi ne abin da aka fi gani a wajenmu, don duk mai walda na Panteka a Kaduna ko na Ƙofar Ruwa a Kano zai haɗa maka shi cikin yini ɗaya ko biyu. A nan ne kuma ake samun aiki mafi kyau da mafi muni. Mai kyan shi ne wanda ya taso daga shasi, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune a kansa, ya zagayo kusurwa, ya miƙe ta gefe har kusa da bakin taya, da ƙafa ta biyu da ta tokare shi a jikin shasi don kada ya lanƙwasa. Irin wannan idan ƙasa ta dake shi, shasi ne ke ɗaukar bugun, motar ta zame a kansa ta wuce. Munin kuwa shi ne a ɗauko bututun ruwa marar kauri, a maƙala shi a jikin bambar kamfani ko a gindin akwati. A ido yana da kwarjini, amma bugun farko zai naɗe shi ya shige cikin fitilar da aka ce zai kare, ɓarnar ta fi ta da. Ka nemi bututu mai faɗin milimita 50 ko kusa da haka, kaurin bangonsa kada ya gaza milimita 3, kuma ka sa a yanka guntu ka gani da idonka. A bar ratar yatsa biyu tsakaninsa da bodi, domin akwatin Hilux da shasi ba tare suke motsi ba idan mota ta murɗe a kan hanya marar daidaito. In babu ratar, bututun da kansa zai riƙa cin fenti.

Abu ɗaya da nake roƙonka a kai: kada ka yarda a yi walda kai tsaye a jikin shasi. Zafin walda yana raunana ƙarfen wurin, kuma daga gefen ɗinkin ne tsagewa ke farawa bayan an sha girgizar burji. A yi amfani da hudojin da kamfani ya riga ya bari na bamba da na ƙugiyar ja, a ɗaure da kusoshi masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kansu. Kusar da ba ta da lamba a ka, ka mayar wa mai ita.

Bamba ta ƙarfe gaba ɗaya, irin wadda kamfanonin Ostireliya kamar ARB da Kaymar suke ƙerawa, ita ce ta fi kowacce ƙarfi, babu gardama. Tana da fikafikai da ke rufe ƙasan kusurwa, wasu suna zuwa da wurin ɗaura igiyar ja da wurin sa jak, kuma mai kyau takan zauna sama da inda bambar kamfani take, ta ƙara wa mota damar fita daga rami. Matsalarta nauyi da kuɗi. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 5 ya kai kilo 39, saboda haka bamba cikakkiya ba ta da wuyar kaiwa kilo 50 ko 60. Kuma wannan nauyin a can ƙarshen mota yake, yana aiki kamar wanda ya zauna a ƙarshen katakon lilo: kilo 60 a tazarar mita 1.2 bayan ƙafar baya yana ɗora wa ƙafar wajen kilo 83, ya kuma ɗage wajen kilo 23 daga gaba. Idan aka ƙara hannun rataya safaya da jarka, lissafin ya ninka. Kai da ke loda buhuna, sifirin ɗinka zai kwanta, bayan mota ya yi ƙasa, ka dawo kana bugun ƙasar da ka kashe kuɗi don gudunta. Ta alminiyom ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, sai dai idan ta tsage a ƙauye, samun mai waldarta aiki ne.

Wanda ke bin rairayi irin na Yusufari ko hanyar Agadas zuwa Dirku, nauyi ne babban abokin gabarsa, bambar ƙarfe ba ta da wani amfani da zai biya wannan nauyin. Wanda ke hawa da sauka a tsaunin Mambila bayan an wuce Gembu, inda ake da dutse da santsi, shi ne ya cancanci cikakkiyar. Kai kana tsakiya, kwazazzabo da laka da kaya a baya. Da motata ce, bututu mai kauri zan sa, ɗaure a shasi, a lulluɓe ƙasan kusurwar da ɗan farantin milimita 3 a jikin bututun, ba a jikin bodi ba, don ya zama abin zamewa.

Ranar da za a auna aikin, ka loda motar kamar yadda ka saba tafiya da ita. Ka samu dogon katako, ka cusa bakinsa a ƙarƙashin tayar baya inda ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa wani abu a jikin motar. Abin da ya fara taɓawa shi ƙasa za ta fara duka. Sau da yawa ba kusurwar ba ce ma, ƙugiyar ja ce ko matakalar bamba ko bakin salansa. Ka yi alama a bango daidai inda katakon ya tsaya, a gama aiki ka sake gwadawa. Idan katakon ya tsaya ƙasa da alamar farko, a kwance aikin a ɗaga shi. Sannan ka tsaya a baya da gefe ka tabbatar ana ganin danja da sigina da lambar mota sarai, don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare ka, ka kuma sa a zare safaya daga ƙarƙashi a gabanka, domin akan yi aikin da ke toshe mata hanya ba a sani ba sai ranar faci.