Ruwan Jakara ko rijiyar burtsatse ga masu lambu a Kano

Masu lambu a gefen Kano suna yawan tambaya ko su ci gaba da ban ruwa daga rafukan Jakara da Getsi, ko kuwa su haƙa rijiyar burtsatse. Ta fuskar kuɗi ruwan rafi ya fi sauƙi, domin ba ya ƙafewa da rani, kuma dattin gari da ke cikinsa yana sa alayyafo da latas su yi kore shar. Sai dai Getsi, wanda ke haɗuwa da Jakara, yana kwaso ruwan masana'antun Bompai, ciki har da na majemu masu amfani da kuromiyam, ga kuma dalma da kadmiyam. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa shekara da shekaru, kuma wanki ba ya fitar da abin da ganye ya riga ya zuƙa. Kadmiyam yana lahanta ƙoda, dalma kuma ƙwaƙwalwar yara.

Rijiya tana cin kuɗin haƙa da na fetur, kuma idan tana dab da rafin, sai an gwada ruwanta. Ita ta dace da mai noman ganyen miya, ruwan rafi kuwa da mai renon dashen itatuwan inuwa da furanni.