Man cire gashin da na saya a Agege: ƙafa ta ji daɗi, hammata ta sha wuya

Gaskiya da farko na yaba man nan. Ni mutum ce da reza ba ta yi mini, ina askewa ƙuraje za su feso, ga kaikayi, ga baƙin tabo. Shi ya sa da na shafa shi a ƙwaurina na ga gashi ya bi ruwa ba yanka ba jini, har waya na yi wa ƙanwata a Idi-Araba na ce ta nemi irinsa. Warinsa ne kawai, kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sai da na buɗe tagar banɗaki.

Matsalar ta zo ne a hammata. Mai shagon da na saya wurinsa, ɗan uwanmu ne ma Bahaushe, cewa ya yi: "Hajiya, wannan ko'ina yana yi, har fuska. Ki bar shi ya jima, ya fi cirewa tas." Bayanin da ke jikin kwalin kuwa an manna masa wata babbar takardar farashi, ba a ganin komai. Ana gobe bikin 'yar maƙwabciyata na shafa. Ban ma kai ga jimawar da ya ce ba na ji raɗaɗi, na wanke da sauri, amma fatar ta riga ta yi ja ta sale. Washegari ga zafin Legas, ga zufa tana gangarowa kan ciwo, ga mu cunkushe a danfo cikin gosulo. Wallahi hannuna ban iya saukewa ba, haka na yini a wurin biki ina ɗage da kafaɗu, ko turare ban iya fesawa ba.

Da na ɓare takardar nan sai ga abin da aka rufe: a gwada a ɗan wuri kaɗan a jira awa 24, kada a wuce minti 10, kada a shafa a fuska ko al'aura ko fatar da aka aske kwanan nan, kada a sa turare ko man hana wari sai bayan kwana guda. Wa'adinsa ma ya wuce, kuma na juya kwalin ta ko'ina ban ga lambar NAFDAC ba. Mai kemis ɗin unguwarmu ya yi mini bayani cewa irin waɗannan mayuka suna da sinadarin thioglycolate mai narkar da gashi, kuma abin da aka gina gashi da shi, shi ne dai a saman fata. Idan ya daɗe, ko fatar siririya ce irin ta hammata, ita ma ci yake yi.

To yanzu ko yabon da na yi masa a ƙafa na fara janyewa, domin ba a jima ba gashin ya dawo, tunda a saman fata yake tsinke shi, saiwar tana nan. Kuma har yau abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan. Tsaftar hammata addini ne a wurinmu, ba a so ta wuce kwana 40, mata da yawa wannan ne zai kai su shagonsa, shi kuwa yana faɗa musu abin da ya ga dama don kaya su fita. Da na koma masa, cewa ya yi wai fatata ce ba ta da ƙarfi.

Bayan na warke na koma halawa wurin wata 'yar Maiduguri mai gyaran jiki a nan Agege. Akwai zafi lokacin fizgewa, ban ɓoye ba, amma sukari ne da lemon tsami da ruwa, kuma gashin yana ɗaukar makonni kafin ya fito. Mai son man dai, ta saya a babban kemis, ta karanta kwalin da idonta a gaban mai sayarwa. Na kira ƙanwata na ce kada ta saya.