Maganin Ciwon Daji: Wanda Aka Saba Ko Na Nano?

'Yan'uwa a Idi-Araba da Agege sun ishe ni da tambaya: doxorubicin da aka saba, ko na nano, wato wanda aka zuba cikin 'yan mitsi-mitsin ƙunshi?

Na farkon ya fi araha, amma gashi kan zube, kuma idan ya taru a jiki yana raunana zuciya. Na biyun, Doxil, Amurka ta amince da shi tun 1995. An lulluɓe maganin cikin 'yan mitsi-mitsin ƙunshin kitse masu taruwa a ƙarin dajin, zuciya ta samu sauƙi. Sai dai tafin hannu da ƙafa kan yi ja su sale, ga tsada. Shi kuwa graphene, wani siririn sinadarin carbon da ake gwada kai magani da shi, yana ɗakin bincike tukuna.

Mai raunin zuciya ya tuntuɓi likita kan Doxil. Mai lafiyayyar zuciya da ƙaramin aljihu, na farkon zai fi masa, in likita ya amince.