Allo, Excel ko Microsoft Project: Wanne Ya Dace da Ɗan Kwangilar Gini a Maraɗi?

Ba kasafai gini ke tsayawa a Maraɗi don rashin gwanin magini ba. Abin da ya fi tsayar da shi shi ne ranar zubin dal, wato rufin kankare, ta zo siminti bai cika ba, mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, kuma ba zai biya ba sai wata mai kamawa. Don haka duk abin da za ka ɗauka na tsara aiki, ka fara duba ko zai nuna maka, mako-mako, kuɗin da za su fita, da waɗanda za su shigo, da yawan hannun da ake bukata.

Ɗauki dal mai faɗin murabba'in mita 100 da kaurin santimita 12. Kankare ne mita kubik 12. A ma'aunin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, buhu 7 na kilo 50 ke nan, jimla buhu 84, wato tan 4 da kilo 200. Zubin a yini ɗaya ake son gama shi, ga rodi, ga tsakuwa, ga yashi, ga hayar injin kwaɓi da kuɗin leburori. Bayan zubi katako da sandunan tokara za su zauna wajen mako uku, kankaren kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ƙarfinsa ya cika. Mai katakon dal ɗaya ba zai zuba biyu a mako guda ba, ko me takarda ta ce.

Allo ko babbar takarda a bango sun ishi mai gina gida ɗaya da ma'aikata goma. Matsalarsu, in aiki ɗaya ya goce sai an sake zana sauran.

Excel ne ya fi kowa iya kuɗi. Ka jera makonni a sama, ayyuka a gefe, sannan layi uku a ƙasa: abin da ya fita, abin da ya shigo, da ragowar da ke hannu. Makon da ragowar ta fi nutsewa ƙasa da sifili, wannan adadin shi ne jarin da aikin ke nema daga aljihunka ko daga bashin mai siminti. Kuɗin kafin alƙalami ba riba ba ne, za a riƙa zare su daga biyan da ke tafe. A kwangilar gwamnati kuma akan riƙe har kashi 5 cikin 100 a matsayin lamuni, kada ka sa su a lissafin sayen kaya. Raunin Excel shi ne bai san cewa filasta na jiran bango ba. In tushe ya makara da kwana biyar, kai za ka tura sauran da hannu.

GanttProject da ProjectLibre, manhajojin kwamfuta na tsara aiki, kyauta ne, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma suna ɗaure ayyuka da juna har su fito da jerin ayyukan da ba su da rarar kwana, waɗanda jinkirinsu ke jinkirta ginin duka. GanttProject na nuna ma'aikacin da aka ɗora wa aiki fiye da ƙima, amma gyaran naka ne. ProjectLibre na buɗe fayil ɗin Microsoft Project, abin da ke da amfani in ofishin masu sa ido ya aiko da nasa jadawalin. Ɓangaren kuɗinsu bai kai na Excel ba, don haka a haɗa su da shi.

Microsoft Project na kuɗi ne, kuma na kwamfuta yana bukatar Windows. Abin da kake saya a cikinsa shi ne daidaita ma'aikata kai tsaye: in ya ga kafinta ɗaya a wuri biyu, sai ya jinkirta ɗaya aikin. A nan ake yawan tuntuɓe. In ba ka umarce shi ya tsaya cikin rarar kwanakin da ke akwai ba, zai tura ranar miƙa gini gaba, kai kuma tarar jinkiri na jiranka. Sannan yana raba kuɗin aiki daidai kan kwanakinsa sai in an canza, alhali siminti da rodi tun farko ake biyansu. Ka mai da su biyan farkon aiki. Rahotonsa na kuɗi abin da zai fita yake nunawa, ba ranar da mai aiki zai biya ba. Ya cancanci kuɗinsa ne in kana da wurin gini uku ko huɗu masu raba injin kwaɓi ɗaya da ayarin masu ɗaurin rodi ɗaya.

Primavera P6 na kamfanin Oracle na manyan hanyoyi ne da madatsun ruwa. In takardar kwangila ba ta ambace shi ba, ka wuce.

Ko wanne ka zaɓa, gyara kalandarsa kafin ka shigar da aiki ko ɗaya. Microsoft Project na zuwa da Litinin zuwa Juma'a, awa 8 a yini. A nan ana aiki Asabar, ana tashi sallar Juma'a, aiki na raguwa da azumi, ga hutun sallah biyu. Daga Yuni zuwa Satumba kuma leburori da yawa na komawa gona, ɗiban yashin gulbi na wuya in ruwa ya sauko, ramin tushe na cika da ruwa. Ka rage yawan hannu a waɗannan watanni, ka tara yashi tun cikin Mayu, ka sa kuɗinsa a makon da za a saye shi, ba makon da za a kwaɓa shi ba.